Laraba Bayan Azahar: Karatun Tsarin Mulki da 'Yan Katiriyem a Garwa

Laraba, 4 ga Oktoba, 2023

Yau muka fara. Direkta ya ba ni ajin ƙarshe, wanda ke jikin darbejiya, daga ƙarfe biyu zuwa uku da rabi, da sharaɗin mu share shi kafin mu tafi. Ran Laraba da wuri ake tashi, don haka duk yaron da ya je gida ya ci abinci ya sake fitowa cikin ranar Garwa, da son ransa ya zo. Yara 38 suka rubuta suna, kusan duka 'yan katiriyem, wato aji uku na sakandare.

Jarrabawar bara ce ta sa na ɗauko wannan aiki. Na tambayi ma'anar tsarin mulki, kowa ya zubo min jimla ɗaya da Faransanci, ko waƙafi bai bambanta ba: babbar dokar ƙasa. Na ba su maki, ba yadda zan yi, amsar daidai ce. Bayan sati biyu na tarar da ɗaya daga cikin waɗanda suka fi cin maki a rumfar babansa a kasuwa, na ce masa, "To, faɗa min da Hausa." Ya yi jim, can ya ce, "Malam, ai dokar da gwamnati take kama mutane da ita ce." Ya haddace jimlar, ya kife ma'anar. Takardar da aka rubuta don ta ɗaure hannun mai mulki, shi a wurinsa igiyar ɗaure talaka ce.

Bana za mu ajiye taƙaitawar da ke cikin littafin darasi mu karanta kundin tsarin mulkin Kamaru kansa. Abin da za mu iya, mu juya shi zuwa Hausa, masu Fulatanci su juya nasu, in tafiya ta miƙa kuma mu rubuta wa kanmu ƙaramin kundi.

Na tambaya wa ya taɓa ganinsa da ido. Babu. Wani ya ce yana jin zai kai ƙamus uku. Da na ɗaga nawa, 'yan takardu ba kauri, gabatarwa da babi 13 da sashe 69, sai aji ya yi tsit, irin shirun wanda aka ce masa zo ga zaki ya tarar da kyanwa.

Laraba, 11 ga Oktoba

Ranar kwafi. Mai injin bakin titi dala biyar yake karɓa kowane shafi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Yara sun yi karo-karo, dala goma-goma, na cika sauran, muka samu kwafi 10, kusan mutum huɗu ga guda. Sai da aka gama bugawa na lura wanda na sauko da shi daga intanet rubutun 1996 ne, babu gyaran 2008 a ciki. Na kwana ina gyara wuraren da hannu. Sun zaɓi ma'aji, ɗan wani tela, saboda kansa na ja a lissafi.

Laraba, 18 ga Oktoba

Sashe na 1. Tuta sun san ta, kore da ja da ruwan ɗorawa da tauraro a tsakiyar jan. Sun san taken ƙasa, sun san kalmomi ukun nan, zaman lafiya, aiki, ƙasar haihuwa. Abin da bai taɓa zo musu ba shi ne duk a rubuce suke a nan, har da cewa Yawunde ce mazaunin hukumomi. Wani ya ce, "Wato in ana so a dawo da babban birni Garwa sai an taɓa takardar nan?" Na ce ƙwarai. Suka hau lissafin inda za a gina fadar.

Sashen ya ce Faransanci da Ingilishi su ne harsunan hukuma, darajarsu ɗaya, kuma gwamnati za ta yi aikin karewa da bunƙasa harsunan gida. Wata yarinya a layin gaba, ƙarama amma bakinta da kaifi, ta ce, "Mesiye, to me ya sa in an ji mu muna Hausa a aji ake sa mu shara?" Na ce ta rubuta tambayar a shafin ƙarshe na babban littafinmu. Haka muka buɗe shafin tambayoyin da ba a amsa ba, kuma ina jin shi zai riga sauran cika.

Fassara ta tafi sumul a kan "ɗaya ce, ba ta rabuwa". Da muka iso kalmar Faransanci laïque sai mota ta ƙi gaba. Wani ya ce "marar addini". Wani ya ce "ba ruwanta da Allah", aji ya ɗauki salati. Lokaci ya ƙare ba mu tsaida magana ba, na kuwa yi sakaci na bar su suka tafi gida da ita haka.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ga sakamakon sakacin. Bayan la'asar aka yi sallama da ni, mahaifin ɗaya daga cikin yaran ne, dattijo ɗan unguwar Hausare mai safarar albasa zuwa kudu. Aka shimfiɗa tabarma, muka gaisa har da tambayar gajiya da iyali, sannan ya ce, "Malam, yaron nan ya zo min da wata magana. Wai a lekol kun ce ƙasar nan ba ruwanta da Allah."

Na ce, "Alhaji, laifina ne, na sallame su magana ba ta nuna ba." Na shiga na ɗauko kundin, na karanta masa wurin a gabatarwa ina fassarawa: gwamnati 'yar ba-ruwanmu ce tsakanin addinai, ba ta ƙarƙashin ko ɗaya, kuma an lamunce wa kowa 'yancin addini da yin ibadarsa. Ba a ce mutanen ƙasa ba su da addini ba. Hukuma ce ba ta ɗauki guda ta ce nata ne ba.

Ya daɗe yana jan carbi. Sai ya ce, "Wato shi ya sa in na sauke kaya a Duwala nake shimfiɗa buzuna ba mai ce min kanzil. Ran Sallah a rufe ofis, ran Kirsimeti a rufe." Na ce shi ke nan, Alhaji. Ya ce, "To ku faɗa musu hakan mana, Malam. Ku kuna da kalma ɗaya, mu sai an yi mana jimla."

Jimlar da za ta shiga littafi ke nan: hukuma ba ta da addinin da ta riƙa nata, ba ta fifita na wani, ba ta hana kowa nasa. Doguwa ce, amma ba za ta sake kawo min baƙo da ɓacin rai ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Tarihi, a tsakar ƙasa. Na ja dogon layi da alli daga ƙofa zuwa bango, na tsayar da yaro a kan kowace shekara da kwali a hannu.

Na farko 1960: ɓangaren da Faransa ke riƙe da shi ya samu 'yancin kai ran 1 ga Janairu. Na biyu 1961: ran 11 ga Fabrairu aka tambayi mutanen ɓangaren Ingila inda za su, na kudu suka zaɓi Kamaru, na arewa suka zaɓi Nijeriya. Nan wani yaro ya ɗaga hannu ya ce kakarsa 'yar Mubi ce, kuma kullum tana cewa da can ita ma 'yar Kamaru ce, su suna yi mata dariya. Na ce ya je ya ba ta haƙuri, Mubi tana cikin yankin da ya bi Nijeriya ya zama Lardin Sardauna. Sun kuma yi mamakin jin cewa ranar da suke maci ta bikin matasa ita ce ranar waccan ƙuri'a. Daga nan taron Fumban na tsara kundin tarayya a Yuli, sai tarayya daga 1 ga Oktoba, tuta mai tauraro biyu.

Na uku 1972: ƙuri'ar raba gardama ta 20 ga Mayu ta kawar da tarayya, kundin 2 ga Yuni ya fito. Sai 1984, aka cire kalmar "haɗaɗɗiya" daga sunan ƙasa. Sai 18 ga Janairu, 1996, babban garambawul, wanda a hukumance gyara ne ga kundin 1972 ko da yake kusan komai an sake. Na ƙarshe Afrilun 2008, aka gyara wasu sassa, har da na 6, inda aka cire iyakar wa'adi biyu ga shugaban ƙasa. Wa'adin shekara 7 ne.

Ahmadu Ahijo, shugaban ƙasa na farko, ɗan garin nan ne, don haka kowa yana da abin da kakansa ya faɗa masa. Na bar su suka ɗan zuba, sannan na ja su zuwa abin da ya shafe mu: da ya yi murabus a Nuwamban 1982, ba a yi shawara a zaure ba, kundin lokacin ya riga ya ce firaminista ne magaji, shi ya sa Paul Biya ya yi rantsuwa ran 6 ga wata. A rubutun da ke hannunmu kuwa, shugaban majalisar dattawa ke riƙon ƙwarya, a yi zaɓe tsakanin kwana 20 zuwa 120.

Wani ya tambayi Nijar da Gabon, inda sojoji suka karɓi mulki a Yuli da Agusta. Na ce su lura da abu ɗaya: cikin sanarwar farko-farko, sai an ce an jingine kundi ko an rushe hukumominsa. Ba a jingine abin da ba ya tare hanya.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Yaran nan sun fi sanin tsarin Nijeriya da namu, rediyon Hausa ne ya raine su. Na ce shekara nawa ake fara zaɓe, suka ce 18. A nan 20 ne, sashe na 2. Na ce wa ke zaɓen gwamna, suka ce talakawa. A nan shugaban ƙasa ke naɗa shi, haka firefe da sufirefe, masu riƙe gundumomin da ke ƙarƙashinsa. Suna cewa "jihar Arewa", na ce mu riƙa cewa yanki, domin jiha 'yar tarayya ce, mu kuwa ƙasa ɗaya ce da aka rarraba wasu ayyukanta ga yankuna 10 da ƙananan hukumomi.

Majalisun suna zaman Nuwamba yanzu, na kasafin kuɗi, sai lissafin ya zo da sauƙi. Majalisar dokoki kujera 180, shekara 5. Ta dattawa 100, kowane yanki 10, bakwai zaɓaɓɓu ta hannun wakilai, uku naɗin shugaban ƙasa. Ma'aji ya buga nan take ya ce naɗaɗɗu 30 ke nan.

Don rabon iko na ɗauko misalin da kowane malami ke ɗaukowa, duwatsun murhu uku: masu yin doka, masu zartarwa, masu shari'a. Ina jin daɗin kaina, sai yarinyar layin gaba ta ce, "Mesiye, a gidanmu in dutse ɗaya ya fi sauran tsawo, tukunya karkacewa take." Ta sa yatsa a sashe na 37. Sashen ya ce ɓangaren shari'a ba ya ƙarƙashin sauran biyun, a ƙasa kaɗan kuma ya ce shugaban ƙasa ne mai lamunce wannan 'yanci, shi ke naɗa alƙalai da taimakon majalisar ƙoli ta alƙalai.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma ba a ɗauke ni don in yi wa 'ya'yan mutane siyasa ba. Amma ba zan ce wa yarinya ba ta ga abin da ta gani ba. Ƙa'idar da na ɗaukar wa kaina: in karanta rubutun yadda yake, in faɗi shekaru yadda suke, awon duwatsun kuwa nasu ne. Na ce mata karatunta daidai ne. Ta kai shi shafin ƙarshe.

Litinin, 18 ga Disamba

Jiya maƙwabtanmu na Chadi suka yi ƙuri'ar raba gardama kan sabon kundi. Gardamar da ta fi zafi a can ita ce tamu ta 1972, ƙasa ɗaya dunƙulalliya ko tarayya. Akwai yara biyu da ke da dangi a Njamena, na ce in sun yi waya su tambayi yadda takardar ƙuri'ar take, su kawo mana labari a Janairu.

Laraba, 17 ga Janairu, 2024

Gobe gyaran 1996 ke cika shekara 28. Mun ragu zuwa 33, sanyi da tallan yamma sun ɗebe biyar.

Gabatarwa muka karanta. A kundinmu haƙƙoƙin ɗan ƙasa ba su da babi nasu, a gabatarwa aka jera su, kuma yara sun saba tsallake gabatarwar kowane littafi. Sai na fara kai su sashe na 65, wanda ya ce gabatarwar ɓangare ce ta kundin, ƙarfinsu ɗaya. Sannan muka dawo muka bi layi-layi: gida yana da hurumi, ba a bincike sai bisa doka. Ba a buɗe wasiƙar mutum. Ba a tilasta wa kowa abin da doka ba ta ce ba. Doka ba ta komawa baya ta kama abin da aka yi kafin a kafa ta. Karatun firamare dole ne. Akwai kuma nauyi, biyan haraji gwargwadon ƙarfi da kare ƙasa.

Inda aka yi kokawa shi ne layin da ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa a shari'ar da aka ba shi damar kare kansa. Wani ƙato a bencin baya ya ce wannan zancen Turawa ne, mu a nan "na shiga ban ɗauka ba" ba ta fid da ɓarawo. Aji ya yi shewa. Ban kai ga buɗe baki ba wata mai hijabi ruwan toka, wadda tun Oktoba ban ji muryarta ba, ta ce a Islamiyya sun karanta a Arba'una Hadisi cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Ta faɗe shi da Larabci, ta fassara. Ƙaton ya ce, "To ai wannan daban." Ta ce, "Ina bambancin?" Bai samu ba.

Na sa an rubuta karin maganar da hadisin gefe da gefe a ƙarƙashin fassararmu.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Sati uku muna rubuta namu kundin, yau aka kammala: gabatarwa mai layi huɗu da sashe 12. Majalisa ita ce duk wanda ya halarci zama. Shugaba, magatakarda da ma'aji zaɓaɓɓu ne. Alƙalai uku kuwa da ƙuri'ar takarda cikin hula ake fid da su, shawarar wani yaro ce, wai don kada shugaba ya cika kotu da abokansa. Ban koya masa wannan ba.

Wa'adin shugaba wata biyu, sau biyu kawai. Shara ana juyawa bisa jerin sunaye, maza da mata, bayan gardamar da ta ci rabin zama. Sashe na 7 ya ce ba a cire kowa daga muƙami, ba a kori kowa, sai majalisa ta ji ta bakinsa. Hanyar gyara sun kwaikwayo sashe na 63 na ƙasa: sai kashi ɗaya cikin uku sun sa hannu kafin a saurari buƙata. Sun ma ƙirƙiro nasu sashe na 64, wanda a kundin ƙasa ya hana a taɓa tsarin jamhuriya da haɗin kan ƙasa da tushen dimokuraɗiyya. Nasu abin da ba ya taɓuwa shi ne 'yancin yin magana da Hausa ko Fulatanci a zaman Laraba.

Sashe na 12 ne ya raba aji: "Wannan kundi yana kan kowa, har da Malam." Wasu suka ce rashin kunya ne. Wani ya miƙe ya ce, "Malam uba ne, ɗa ba ya kai ubansa ƙara." Ya ba ni tausayi, don tarbiyya ce ke magana a bakinsa. Suka juyo suna kallona. Na ce ba ni da ƙuri'a. Aka ɗaga hannu, 19 da 12, ya wuce. Na sa hannu a ƙasa kamar kowa, ina ganin abin wasa ne mai amfani.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Senegal ta yi min darasin yau. Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓen 25 ga Fabrairu, majalisa ta mayar da shi Disamba, sai ran 15 ga wata majalisar tsarin mulkinsu ta ce ɗagewar ta saɓa wa kundi, ta soke. Yara sun ji a rediyo. Tambayarsu ɗaya: "Alƙalai sun ce wa shugaban ƙasa a'a?"

Muka buɗe babi na 7 mu ga tamu. Mutum 11: uku daga shugaban ƙasa, uku daga shugaban majalisar dokoki, uku daga na dattawa, biyu daga majalisar ƙoli ta alƙalai. Ita ke duba ko doka ta dace da kundi, ita ke bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, kuma hukuncinta ba a ɗaukaka shi. Talaka ba ya kai mata ƙarar doka da kansa, sai shugaban ƙasa, ko shugabannin majalisun, ko kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, ko shugabannin yankuna in abin ya shafi yankinsu.

Sai na ba su lissafin ragi. An rubuta majalisar dattawa a 1996, aka zaɓe ta a 2013. An rubuta majalisar tsarin mulki a 1996, aka naɗa mutanenta a Fabrairun 2018. Majalisun yankuna sai Disamban 2020. Suka fitar da 17, 22, 24. Ƙaton bencin baya ya ce, "Duk sun girme mu." Na nuna musu sashe na 67, mai cewa za a kafa sababbin hukumomin sannu a hankali, bai sa rana ba. Magatakarda ta ce a namu kundin duk abin da aka ce za a yi, a riƙa sa masa rana.

Laraba, 6 ga Maris

Wannan zan rubuta shi dalla-dalla, ko da ba ya yi min daɗi.

Larabar da ta wuce aka ƙirga kuɗin asusu, dala sittin ba su. Na gaji, zafi ya fara, ga takardun jarrabawa jibge a gida. Na tambayi ma'aji, ya hau in-ina. Nan take a gaban kowa na ce ya kawo gwangwanin, daga yau wani zai riƙe. Ya miƙo, ya koma ya kifa kai a tebur. Na ci gaba da darasi, ban sake tunawa ba.

Yau da na shigo na tarar an jera benci ɗaya a gaban allo, alƙalai uku na zaune. Ta tsakiya mai hijabi ruwan toka ce. Ba ta iya ɗaga ido ta dube ni ba. Kanta a sunkuye ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, don Allah. An kawo ƙara. Sashe na 7 da na 12."

Gaskiya abin da na fara ji zafi ne, ya taso min har wuya. Ni da na kawo takardar, na biya kuɗin kwafi, 'ya'yan cikina za su zaunar da ni? Kalma ɗaya ta isa in watsa zaman, kuma ba wanda zai musa min. Sai na tuna yaron rumfar kasuwa. In na watsa, amsarsa ce ta tabbata, kuma ni na tabbatar da ita. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Na ja kujera na zauna.

Ba su tambayi inda kuɗin suke ba, wannan ya burge ni daga baya. Tambaya biyu suka yi. Majalisa ta zauna kafin a cire shi? Na ce a'a. An ji ta bakinsa? Na ce na tambaye shi. Alƙali na hagu ya ce, "Mesiye, kai ka tambaya, majalisa ba ta ji ba." Suka fita ƙarƙashin darbejiya minti biyar, suka dawo: cirewar ba ta zauna ba, a mayar masa da gwangwani, in akwai mai tuhuma ya kawo ta gaban majalisa da hujja.

Na miƙa masa da hannuna, na ba shi haƙuri a inda na kunyata shi. Majalisa ta saurare shi. Ya ce ran da aka yi kwafin ƙarshe ya ba da kuɗi bai rubuta ba, ba ya tuna nawa. Ba mai hujjar akasin haka. Suka yanke daga yau mutum biyu ke ƙirga, a rubuta a sa hannu.

Yaron da ya ce ɗa ba ya kai ubansa ƙara ya biyo ni har wajen babur, ya karɓi jakata ya riƙe. Bai ce komai ba, ni ma haka.

Laraba, 20 ga Maris

Azumi, ga rana kamar ta narka kwano. Majalisa ta dakatar da zama sai bayan Sallah. Sun yi ta bisa ƙa'ida, da ƙuri'a, har ni aka sanar a rubuce.

Laraba, 17 ga Afrilu

Jikan wani jauro, wato mai unguwa, ya tambaya: ina Lamiɗo a cikin kundin? A garin da ake hawan Sallah, tambaya ce mai nauyi. Muka nema. Sashe na 1 ya ce jamhuriya ta amince da al'adun gargajiya da suka dace da dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan Adam da doka, tana kuma kare su. Sashe na 57 ya ba sarakuna wakilci a majalisar yanki, 'yan'uwansu sarakuna ke zaɓensu, kuma doka ta sa kujera 20 cikin 90. Matakan sarauta uku, daga Lamiɗo zuwa lawan zuwa jauro, ba a kundin suke ba, wata dokar shugaban ƙasa ce ta 1977 ta tsara su. Yaron bai ji daɗi ba, ya so a ce kakansa yana da sashe.

A wannan sashe na 57 muka ci karo da abin da ya fi. Ya ce shugaban majalisar yanki sai ɗan asalin yankin. Yarinyar layin gaba ta ce, "Mu Hausawan Garwa 'yan asali ne?" Ta ce kakan kakanta a nan aka binne shi, amma har gobe in an yi faɗa a famfo sai a ce musu baƙi. Wani ɗan Fulani ya ce su ma ai wasu na ce musu zuwa suka yi. Wani ɗan ƙabilar Fali ya yi murmushi bai tanka ba.

Kundin bai fassara kalmar ba. Gabatarwa ta ce gwamnati na kare tsiraru da haƙƙin 'yan asali, ita kuma ta ce kowa yana da 'yancin zama inda ya so, kuma ba a tsangwamar mutum saboda asalinsa. Na rubuta layukan uku a allo, na bar su suna kallon juna. Na ga wasu malamai suna tsallake wurin nan don gudun fitina. Ni a ganina gara su fara jin gardamar a aji, da takarda a gabansu da mai raba su, da su fara jin ta a bakin famfo. An tashi ba a daidaita ba, amma tare suka fita.

Laraba, 22 ga Mayu

Atisayen macin 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa, ya cinye mana Laraba biyu. Shekaranjiya suka yi macin, yau ƙafa duk ta kumbura.

Na yi musu gwaji da baki, kowa da harshen da ya so: mene ne tsarin mulki? Tara sun maimaita jimlar littafi. Da yawa har yanzu suna cakuɗa kotun ƙoli da majalisar tsarin mulki, wannan sai na sake masa dabara. Ma'aji ya ce, "Takardar da ko mai gwangwani ko mai ƙwace gwangwani sai ya bi." Aka yi dariya, na ba shi maki cikakke.

Fassarar Hausa ta kai sashe 21 da rabin gabatarwa, ta Fulatanci tana baya don masu yinta huɗu ne. Ba mu taɓa babi na 4 ba, na alaƙar gwamnati da majalisa, haka na 8 da na 9. Sashe na 66, na bayyana dukiyar manyan jami'ai a farkon aiki da ƙarshensa, na ajiye shi sai Oktoba, yana son zama guda cur. Shafin ƙarshe yana da tambaya 23, mun amsa 9. Dala sittin har yau ba su fito ba.

Akwai buƙatar gyara a gaban majalisa. Kundinsu ya ce ƙungiyar ta 'yan katiriyem ce, su kuwa baɗi turwaziyem za su, aji na gaba, da jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare a gabansu, kuma ba sa son a bar su a waje. Wasu na cewa a buɗe wa kowa, wasu na cewa a bar wa ƙanne su rubuta nasu daga farko. Ana neman sa hannu 11 kafin a saurara. Magatakarda ta samu 8, ta tafi gida da littafin, za ta zagaya unguwannin Hausare da Fulɓere kafin Laraba.